Kwamfutar kwantam da kuɗin da ke cikin waya: amsa ga mai shagon tura kuɗi

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon turawa da karɓar kuɗi a unguwar Zariya, nan Maradi, kuma yawancin masu hulɗa da ni ƴan kasuwa ne da ke aika kuɗi Yamai, Damagaram da Kano. Kwanan nan wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa Turawa sun ƙera wata kwamfuta da ake kira kwantam, wadda za ta buɗe kowace lambar sirri cikin ƙiftawa da bisimilla. Har wani Alhaji ya ce mini zai kwashe kuɗinsa daga banki ya zuba su a hatsi da filaye. Don Allah mece ce gaskiyar wannan na'ura, me take iyawa, kuma shin ya kamata mu tsorata?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne ko na'urar tana nan da gaske, kuma ko kuɗin da ke ratsawa ta shagonka suna cikin haɗari saboda ita. Na'urar tana nan, ana gina ta a Amurka da Sin da Turai, amma babu ko ɗaya cikin waɗanda aka nuna wa duniya zuwa yau da ta iya buɗe makullan da bankuna da kamfanonin waya ke aiki da su. Barazanar gaskiya ce, sai dai ta shekaru masu zuwa ce, kuma nauyin shirya mata yana wuyan bankuna da kamfanoni da hukumomi kafin ya iso kanka. Idan Alhaji yana son sayen gero domin yana hangen riba, wannan lissafin kasuwa ne kuma ya fi ni saninsa, amma kada tsoron kwantam ya zama dalili. Sana'ata ita ce haɗa kwamfutoci da intanet da kuma tsare su ga ƙananan ma'aikatu a nan jihar Maradi, ba aikin ɗakin gwajin kimiyya ba, saboda haka zan fi tsayawa a ɓangaren tsaro, inda hannuna yake kai.

Abin da ya bambanta ta da kwamfutar da muka sani

Wayar da ke hannunka da kwamfutar banki duk abu guda suke yi a can ƙasa: suna juya ƙananan maɓallai biliyoyi, kowanne ko dai a kunne yake ko a kashe, wato 1 ko 0. Wannan shi ake kira bit. Kwamfutar kwantam kuwa tana aiki da abin da ake kira kyubit, wanda ake yi da wani abu ƙarami ƙwarai, kamar ƙwayar zarra guda, ko ƙwayar haske, ko wata ƴar da'irar lantarki da aka sanyaya matuƙa. A wannan ƙanƙanta dokokin halitta ba sa tafiya yadda idonmu ya saba. Muddin ba a auna kyubit ba, yana iya zama cikin wani hali da ya haɗa rabon 0 da rabon 1 tare, kuma kyubit biyu ko fiye suna iya sarƙewa ta yadda ba za a iya bayyana halin ɗaya ba sai an haɗa da na sauran. Domin a rubuta cikakken halin kyubit 10 ana bukatar lambobi 1,024, kuma duk kyubit ɗaya da aka ƙara sai adadin ya ninka. Kafin a kai kyubit 300, lambobin da ake bukata sun zarce yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa.

A nan ne masu saƙonnin murya, har da ƴan jarida da yawa, suke zamewa. Sukan ce na'urar tana gwada dukkan amsoshi lokaci guda sannan ta zaɓo daidai. Ba haka ba ne. Da zarar an auna kyubit 300 ɗin nan, abin da za a samu bit 300 ne kacal, amsa guda da ta faɗo bisa sa'a, sauran duk sun ɓace. Gwanintar tana wajen tsara lissafin kafin a auna. Ka taɓa jefa duwatsu biyu a tabki ka ga yadda zoben ruwan ɗaya yake haɗuwa da na ɗayan, wani wuri su taru su yi tudu, wani wuri su kashe juna ruwan ya kwanta? Rabon da ke cikin kyubit haka yake, yana ƙaruwa yana kuma soke juna. Mai tsara dabarar lissafin kwantam yana neman hanyar da amsoshin banza za su kashe junansu, amsar da ake nema ta taru ta yi tudu, ta yadda in an auna ita ce za ta fi yiwuwar fitowa. Matsalolin da aka gano suna karɓar irin wannan tsari ƴan kaɗan ne. Shi ya sa kwamfutar kwantam ba za ta sa bidiyo ya yi saurin buɗewa ba, ba kuma za ta fi kwamfutar shagonka iya tara lissafin ciniki ba. Na'ura ce ta wasu ayyuka na musamman.

Tunanin ya girmi yawancin masu yaɗa labarinsa. A 1981 masanin kimiyya Richard Feynman ya yi nuni da cewa kwamfutar yau da kullum tana gazawa wajen kwaikwayon halin ƙananan ƙwayoyi, don haka a gina wadda ita kanta take bin dokokinsu. David Deutsch na Jami'ar Oxford ya fitar da tsarinta a rubuce a 1985. Amma abin ya zauna a hannun tsirarun masana har 1994, lokacin da Peter Shor ya nuna cewa irin wannan na'ura, in an gina ta, za ta warware lissafin da tsaron intanet ya jingina da shi. Daga nan gwamnatoci suka buɗe bakin aljihu.

Inda ake sa ran alherinta

Fatan da ya fi ƙarfi har yau shi ne na Feynman, wato fahimtar sinadarai da yadda ƙwayoyinsu ke haɗuwa, abin da zai taimaka wajen neman magunguna da batura da sababbin ƙarafa. Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin gonakinmu. Takin zamani irin su yuriya ana samo shi ne daga sinadarin amoniya, wanda masana'antu ke haɗawa ta hanyar Haber da Bosch, a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau fiye da 100. Wannan aiki shi kaɗai yana cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, kuma yana cikin dalilan da suka sa farashin buhun taki yake bin farashin iskar gas. To amma duk manomin da ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke yin wannan aiki na kama sinadarin naitirojin daga iska, a zafin ƙasar gona kawai, ba tanderu ba injin matsi. Cibiyar sinadarin da suke aiki da shi ƴar mitsitsiya ce, ƙwayar ƙarfe 7, ta molibdenam 1, ta farar wuta 9 da ta kabon 1, amma yadda lantarkin cikinta ke sarƙewa ya sa manyan kwamfutocin duniya suna shan wahalar lissafa ta daidai. A 2017 masu bincike daga jami'ar ETH ta Zurik da kamfanin Microsoft suka nuna a rubuce yadda kwamfutar kwantam za ta iya tunkarar wannan lissafi.

Ina son wannan misali, amma ba na son a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Fahimtar yadda sinadari ke aiki mataki ne na farko kawai, kuma tsakaninsa da buhun taki mai araha a kasuwar Maradi akwai shekarun gwaji da gina masana'anta da sufuri da harajin kan iyaka. Ga shi kuma masu kwamfutar yau da kullum ba su zauna ba, kullum suna inganta nasu dabarun, har sau da yawa su cim ma abin da aka ce sai kwantam. Sauran alkawuran da ake yi, na cewa za ta gyara hasashen damina ko ta tsara hanyoyin motocin kaya ko ta ninka basirar na'ura, hujjarsu ba ta kai ta sinadarai ƙarfi ba, kuma galibi daga bakin masu neman jari suke fitowa.

Abin da ya hana ta tashi

Babban abokin gabar kyubit shi ne duniyar da ke kewaye da shi. Ɗan zafi, ɗan girgiza, ɗan burbushin igiyar lantarki, kowanne yana iya rusa wannan hali mai laushi. Kyubit irin na Google da IBM, waɗanda ake yi da da'irar lantarki, ana ajiye su a cikin na'urar sanyi da ke kai su kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin da ke tsakanin taurari, kuma duk da haka yawanci ba sa riƙe halinsu ko da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wasu kamfanoni suna bin wasu hanyoyin: Quantinuum da IonQ suna rataye ƙwayoyin zarra masu caji a cikin fanko suna sarrafa su da hasken leza, Pasqal ta Faransa da QuEra ta Amurka suna aiki da ƙwayoyi marasa caji, wasu kuma da ƙwayoyin haske. Har yanzu ba a san wadda za ta yi nasara ba.

A na'urorin da suka fi kyau, duk aikin da ya haɗa kyubit biyu yana kuskure kusan sau ɗaya cikin dubu. Ga ɗan adam wannan ƙwarewa ce, amma lissafin Shor a kan makullin gaske yana bukatar ayyuka biliyoyi a jere, don haka na'urar za ta nutse cikin kurakurai tun ba a je ko'ina ba. Kwamfutar yau da kullum tana maganin kuskure ta hanyar kwafe bayani sau da yawa, amma tun 1982 aka tabbatar cewa ba a iya kwafe halin kyubit da ba a sani ba. Shor ɗin nan dai shi ya fito da mafita a 1995: a baza bayanin kyubit ɗaya a kan kyubit da yawa, ana leƙen alamun kuskure ana gyarawa ba tare da an taɓa ainihin bayanin ba. Farashin wannan dabara yana da tsada, domin kyubit ɗaya tsayayye yana iya cin ɗaruruwan kyubit na zahiri, wani lokaci har dubu.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta labaran da ke fitowa. A 2019 Google ta sanar cewa na'urarta Sycamore mai kyubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 wani lissafi da zai ɗauki babbar kwamfutar duniya shekara 10,000. IBM ta ce kwana biyu da rabi ya isa, daga baya kuma masu bincike a Sin suka yi irinsa cikin sa'o'i da kwamfutoci na yau da kullum. Lissafin kansa ba shi da wani amfani a rayuwa, an zaɓe shi ne domin ya dace da na'urar. A Disamban 2023 IBM ta nuna Condor mai kyubit 1,121, adadi mai daɗin faɗa, sai dai yawan kyubit ba tare da ingancinsu ba bai cika faɗin komai ba. Sakamakon da ni na ɗauka da muhimmanci shi ne na Disamban 2024, inda Google ta nuna da na'urarta Willow mai kyubit 105 cewa duk sanda ta faɗaɗa rukunin gyaran kuskure, daga 3 sau 3 zuwa 5 sau 5 zuwa 7 sau 7, kuskuren yana raguwa da kusan rabi maimakon ya ƙaru. Wannan shi ne abin da aka yi kusan shekara talatin ana jira a gani a aikace. Bai buɗe makullin kowa ba, amma ya raunana hujjar masu cewa abin ba zai taɓa yiwuwa ba.

Makullan da take yi wa barazana da waɗanda ba ruwanta da su

Yanzu ga ainihin tambayarka. Makullan da ke tsare saƙo iri biyu ne. Na farko shi ne wanda mai aikawa da mai karɓa suke riƙe da mabuɗi iri ɗaya, kuma wanda ya fi shahara shi ne AES, da aka amince da shi a 2001. Matsalarsa ita ce yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, kamar wayarka da kwamfutar banki a Yamai, za su yarda da mabuɗi guda alhali duk maganarsu tana bi ta hanyar da wani zai iya saurare. Iri na biyu ne ya warware wannan, wato makulli mai mabuɗi biyu, ɗaya na fili da kowa zai iya gani, ɗaya na sirri. Tsarin RSA na 1977, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar, shi ne sanannen misali, sai kuma wani tsari na lissafin lanƙwasassun layuka da ya zo a 1985, wanda wayoyi suka fi amfani da shi yau. Da su ake musayar mabuɗi a farkon kowace hulɗa, da su kuma ake sa hannun lantarki da ke tabbatar wa wayarka cewa da bankin gaske take magana, ko cewa sabuntawar manhajar da ta sauko daga masu ita take.

Sirrin RSA lissafi ne mai sauƙin shiga mai wuyar fita. In na ce ka ninka 53 sau 61, za ka ba ni 3,233 kafin shayi ya huce. In kuwa na miƙa maka 3,233 na ce ka nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ka zauna kana gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya. Makullin RSA da aka fi amfani da shi lamba ce mai alƙaluma 617. Mafi girman irinta da aka taɓa fasawa a fili tana da alƙaluma 250, a shekarar 2020, kuma aikin ya ci abin da ya kai kimanin shekara 2,700 na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda, an raba shi ga dubban injuna. Dabarar Shor tana mayar da wannan matsala ta zama neman tsawon wani zagaye da ke maimaita kansa a cikin jerin lambobi, kuma neman zagaye yana cikin ƴan abubuwan da kashe-junan nan na kyubit ya ƙware a kai. Dabarar tana karya tsarin lanƙwasassun layuka ma, har ma da ƙarancin kyubit.

A aikace fa? A 2001 masu binciken IBM suka yi amfani da kyubit 7 suka gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. Bayan fiye da shekara ashirin, gwaje-gwajen dabarar Shor na gaskiya ba su wuce ƙananan lambobi irin 15 da 21 ba. Tazarar da ke tsakanin 21 da lamba mai alƙaluma 617 ita ce amsar da za ka ba Alhaji. Amma akwai wani lissafi da nake so ka riƙe tare da wannan. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå suka ƙiyasta cewa fasa wannan makulli zai bukaci kyubit na zahiri miliyan 20 na tsawon sa'a 8. A 2025 Gidney ya sake lissafin da sababbin dabaru, ya sauko ƙasa da kyubit miliyan 1 cikin ƙasa da mako guda. Cikin shekara shida bukatar ta ragu ninki ashirin, kuma a kan takarda aka samu wannan ragi, ba a masana'anta ba. Masu gini suna hawa, masu lissafi suna sauko da bukata, kuma babu mai iya faɗa maka shekarar da za su haɗu. Masana da kansu sun rabu, wasu suna hangen shekarun 2030, wasu suna ganin ya fi haka nisa.

Makulli irin na farko, wato mai mabuɗi iri ɗaya kamar AES, bai shiga wannan haɗari sosai ba. Dabarar kwantam da Lov Grover ya fitar a 1996 tana rage wahalar laluben mabuɗi, amma ragin bai kai na Shor ba ko kusa, kuma AES mai tsawon bit 256 ya fi ƙarfinta. Lambar sirrin da kake dannawa a waya kuwa, wadda mai saƙon muryar ya fi tsorata mutane da ita, ba ta cikin wannan magana gaba ɗaya. Lamba mai alƙaluma huɗu hanyoyi 10,000 kawai gare ta, tsohuwar waya ma za ta ƙirga su cikin daƙiƙa. Abin da ke tsare ta shi ne asusun yana kulle kansa bayan an yi kuskure ƴan lokuta, kuma kwamfutar kwantam ba ta da hanyar tsallake wannan.

Dalilin da ya sa ba a jira

Idan na'urar ba ta iso ba, me ya sa ake gaggawa? Domin mai haƙuri yana iya naɗe saƙonnin da aka kulle yau, ya adana su, ya jira ranar da zai iya buɗewa. Masanin lissafi Michele Mosca na Kanada ya tsara abin a sauƙaƙe: ka haɗa shekarun da sirrinka ke bukatar zama sirri da shekarun da za ka ɗauka kafin ka sauya makullanka, in jimlar ta wuce shekarun da suka rage kafin na'urar ta iso, to ka riga ka makara. Jika 50 da ka tura Damagaram yau aka karɓa da la'asar ba su da wani amfani ga wanda zai buɗe saƙon bayan shekara goma sha biyar. Amma bayanan marasa lafiya, da zanen yatsun ƴan ƙasa da ake ɗauka domin katin shaida ko fasfo, da wasiƙun gwamnati da na soja, waɗannan ba sa tsufa. Mutum yana iya sauya lambar sirri, ba ya iya sauya yatsa.

Maganin da aka samo ba ya bukatar kwamfutar kwantam ko kaɗan. Sababbin makullai ne da aka gina a kan wani lissafi daban, wanda ba a san wata dabarar kwantam da ke karya shi ba, kuma suna aiki a kan wayoyin da muke riƙe da su. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016, masana daga ƙasashe da yawa suka kawo tsare-tsare, aka karɓi 69 a zagayen farko, aka saki kowa ya yi ƙoƙarin fasa na kowa. A Agustan 2024 aka fitar da uku na farko a hukumance: ML-KEM domin musayar mabuɗi, ML-DSA da SLH-DSA domin sa hannu. Gasar ba ta tafi sumul ba. A 2022 wani tsari mai suna SIKE, wanda ya kai zagaye na huɗu, masu bincike biyu na jami'ar Leuven a Beljiyam suka fasa shi cikin kimanin sa'a guda da kwamfuta ta yau da kullum. Saboda irin wannan ne hukumar tsaron bayanai ta Faransa, ANSSI, da wasu takwarorinta suke ba da shawarar a haɗa tsohon makulli da sabo a lokaci guda, ta yadda sai an karya duka biyun kafin a shiga. A ganina wannan ita ce shawara mai hankali, ko da tana ƙara nauyi. Kuma nauyin na gaske ne: mabuɗin fili na tsohon tsarin lanƙwasassun layuka bait 32 ne (bait ɗaya bit 8 ne), na ML-KEM matsakaici kuwa bait 1,184, bambancin da ba a ji a birni amma ana iya jin sa a ƙauyen da layi ke zuwa yana ɗaukewa.

Sauyin ya riga ya fara ba tare da yawancinmu mun lura ba. Manhajar Signal ta shigar da sabon tsari a 2023, Apple ya sa shi a iMessage a 2024, haka ma Chrome a 2024 ɗin. NIST ta gabatar da jadawalin fara janye tsofaffin makullai daga 2030, a daina su gaba ɗaya a 2035. Akwai kuma wata hanya ta daban, ta raba mabuɗi da ƙwayoyin haske, wadda Bennett da Brassard suka tsara a 1984, Sin ta harba mata tauraron ɗan adam mai suna Micius a 2016. Tana bukatar layuka da na'urori na musamman masu tsada, kuma ban ga za ta shafe mu nan kusa ba. Ga matasan da ke riƙe da Bitcoin, su sani sa hannunsa da lanƙwasassun layukan nan ake yin sa, kuma sauya shi sai jama'arsa sun yi ittifaƙi, tunda ba shi da shugaba guda da zai ba da umarni.

Abin da ya rage gare mu a nan

A ƙasashenmu masu kuɗin sefa, sauya makullan hada-hadar kuɗi aikin babban bankin BCEAO ne da ke Dakar, da tsarin katunan GIM-UEMOA, da bankuna da kamfanonin waya, da masu sayar musu da manhaja daga waje. Kai ba ka da maɓallin da za ka danna. Amma akwai inda abin ya taɓo mu kai tsaye, kuma a wurin aiki nake ganin sa. An taɓa kira na ofishin wata ƙungiyar adashi da lamuni domin intanet ɗinsu yana yankewa. Na'urar wifi tana can saman kabad, ƙurar hunturu ta rufe ta har ba a ganin fitilunta, da na juya ta sai ga kalmar shiga ta masana'anta a manne a gindinta, ba a taɓa sauya ta ba, kuma masu ƙera ta sun daɗe da daina fitar mata da sabuntawa. Kwamfutar da ke riƙe da sunaye da bashin mambobi tana kan Windows 7, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Mai son shiga wannan ofis ba ya bukatar kyubit ko ɗaya. Kuma sababbin makullan nan ta hanyar sabuntawa suke isowa, don haka na'urar da ba ta karɓar sabuntawa yau ba za ta karɓe su gobe ba. Kasuwanninmu cike suke da tsofaffin wayoyi da kwamfutoci ƴan gwanjo da masu su suka yasar, kuma ina jin tsoron cewa lokacin da sauran duniya ta gama ƙaura, mu ne za a bari da tsofaffin makullai.

Saboda haka, in za ka sayi wayar aiki ko na'urar karɓar kati, ka tambayi har yaushe za ta ci gaba da samun sabuntawa, kuma in saƙon sabuntawa ya zo kada ka ɗage shi don tsimin kuɗin intanet. Ma'aikatar da za ta sayi abin da zai yi shekara goma ko ashirin yana aiki, kamar mitar lantarki ko tsarin katin shaida ko manhajar asibiti, ya kamata ta rubuta a cikin yarjejeniya cewa mai sayarwa zai iya sauya makullan ba tare da an sayi sabon kaya ba, ta kuma san tun yanzu wane makulli ke ina a cikin kayanta. Ɓarayin da ke cin kuɗin masu shago irinka a yau kuwa hanyoyinsu sanannu ne: kiran waya da sunan ma'aikacin kamfani ana neman lambar da aka turo maka, saƙon bogi mai cewa kuɗi sun shigo, sauya layin mutum ba da saninsa ba, ko yaron shago da ya ga lambar sirri a rubuce a bayan littafin ciniki. Ka kuma yi hattara da sabon salo, na masu tallar manhajar zuba jari ko ta kariya da suka laƙaba mata sunan kwantam. Babu wani mai kwamfutar kwantam da ke ninka wa mutane kuɗi a WhatsApp.

In wani labari ya sake tasowa, kada adadin kyubit ya ruɗe ka. Ka duba ko kyubit na zahiri ake nufi ko tsayayyu waɗanda aka gyara wa kuskure, ayyuka nawa suka iya yi a jere kafin lissafin ya lalace, kuma ko wasu masana da ba na kamfanin ba sun tabbatar. Fasa makullin banki yana bukatar tsayayyun kyubit sama da dubu da za su jure ayyuka biliyoyi, alhali abin da ake nunawa a yanzu tsayayyu ne ƴan kaɗan masu gajeren numfashi.